Yadda za ki gane ko kafeyin na ƙara miki ciwon faibromayaljiya

Mai faibromayaljiya, wato ciwon nan mai daɗewa da ke sa jiki ciwo ko'ina tare da gajiya, ta san wannan safiyar: ta yi awa takwas a kan gado, amma ta tashi kamar wadda ta kwana daka, gaɓɓai na ciwo, kai ya yi nauyi. Da mata nake magana domin su ciwon ya fi kamawa, amma maza ma su saurara. A irin wannan hali hannu kan kai ga shayi mai kauri ko goro, kuma ba na ganin laifin kowa.

Matsalar tana wajen barci. Kafeyin, wanda ke cikin shayi da kofi da goro, na toshe aikin adenosin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya gaji, kuma rabin abin da aka sha kan daɗe kamar awa 5 a jini. Tun a 1975 likita Harvey Moldofsky na Toronto ya nuna cewa idan aka riƙa katse wa lafiyayyu barci mai zurfi, sukan wayi gari da ciwon tsoka. To, ina ga wadda barcinta dama ba shi da nauyi?

Da farko, ki yi mako guda kina rubutawa ba tare da kin canza komai ba: abin da kika sha, ƙarfe nawa, yadda barci ya kasance, da tsananin ciwo daga 1 zuwa 10. Ki ƙirga komai. Kofin shayin Lipton na da kusan miligiram 40 zuwa 50, gwangwanin Red Bull 80, ƙwayar Panadol Extra ɗaya 65. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke mantawa, alhali mai ciwon jiki takan haɗiye biyu da dare. Goro ma a sa shi a lissafi, ɓari-ɓari. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ce miligiram 400 a rana bai cika cutar da lafiyayyen baligi ba, amma wannan ma'aunin masu lafiya ne.

Mako na biyu, ki maido da duk abin da kike sha zuwa hantsi. Daga azahar, a koma zoɓo ko ruwan citta da kanumfari. Wasu wannan kaɗai ya ishe su.

In barcin bai gyaru ba, sai ragewa, kuma nan ne ake yin ɓarna. Kada ki yanke rana ɗaya. Cikin awa 12 zuwa 24 ciwon kai da kasala da saurin fushi za su sauko, su iya kai kwana 9. Duk mashayin shayi da ya yi azumi ya san ciwon kan ranakun farko. Da yake alamun sun yi kama da tashin faibromayaljiya, sai ki zaci daina shan ne ya cuce ki. Ki riƙa rage kwata duk bayan kwana huɗu ko biyar.

Bayan wata guda ki kwatanta rubutunki. In kofin safe na taimaka miki ki tashi ki yi aiki kuma barci bai lalace ba, ki riƙe abinki. Ki kai wa likitanki takardar, musamman in kina da juna biyu, ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin, domin dukansu kan sa kafeyin ya ƙara daɗewa a jiki.