Yadda Ƙaramar Ƙungiyar Rawa Za Ta Fita Zagaye Daga Jidda

Ƙungiya ta mutum 9, wato masu rawa 6, makaɗa 2 da mai kula da fitila da sauti, tana iya kai wasanta Ɗa'ifa, Madina, Abha da Riyad da mota biyu, ɗaya ta mutane, ɗaya ta kaya mai rufi. Sharaɗin shi ne a sa tafiyar cikin lissafi tun ranar da aka fara tsara rawar.

Da yawa daga samarinmu Hausawan Hijaz da mizmar suka tashi, rawar sanda da ganga wadda UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya a 2016. A filin unguwa maza 15 zuwa 100 ne ke yin sahu biyu suna fuskantar juna, biyu su shiga tsakiya suna juya sanda. Mutum 6 ba za su cika wannan fili ba, kada ma a gwada. A ɗauki abu guda daga cikinta, kamar juyin sanda a tafin hannu ko takun shiga tsakiya, a rage masa sauri, a juya shi baya, a yi shi a durƙushe, a yi shi babu sandar. Kowane mai rawa ya kawo motsi na ƙidaya 8, a ɗauka da waya, washegari a zubar da rabi. Makaɗa su zauna a ɗakin tun makon farko, domin kiɗan da aka liƙa wa rawa daga baya ana jin ɗinkinsa. Wasan minti 40 yana cin mako 8 zuwa 10 in ana haɗuwa sau 4 a mako. Kuma tun farko a zana filin mita 8 da mita 6 a ƙasa da tef, kada kowa ya ƙetare shi, don shi za a samu a kowane gari.

Ƙasar da za a taka ita ce babbar magana. Yawancin zaurukan biki da istiraha, wato gidajen shaƙatawa na haya, tayil ne ko marmara a kan siminti. Tsalle a kansu yana dakan ƙwauri da gwiwa, zuwa wasa na uku sai ka ga mutum yana ɗingishi. A nemi dandamalin katako mai ɗan lanƙwasa. In babu, a shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, a ɗora falankin katako, sannan ledar rawa a sama. In wannan ma ya gagara, a cire manyan tsalle-tsalle daga wasan wannan dare. Shi ya sa ake shirya wa kowane tsalle madadinsa tun a gida.

Ledar rawa mai faɗin mita 2 da tsawon mita 6 guda 4 ke rufe filin, kowane naɗi zai kai kilo 20 ko ya fi. Haɗi 3 da gefe 4 suna cin tef mita 46, saboda haka naɗin tef 2 masu mita 33 ga kowane wasa. Ana naɗe ledar a jikin bututu, ba a ninke ta. Kada a ɗora mata akwati a mota, kada a bar motar a rana: zafi yana tausasa ta, duk abin da ya danne ta sai ya bar kwari, kwarin nan kuwa shi ke kama ɗan yatsan ƙafa. In an isa, a warware ta a bar ta ta sha sanyin zaure awa 2 kafin a liƙa tef, in ba haka ba za ta tattare ta ja tef ɗin. A goge da tsumma mai danshi kawai. Sabulu mai maiƙo da ƙura duk santsi suke kawowa.

Ganga ma tana jin sauyin gari. Laimar Jidda tana sassauta fata har sauti ya mutu, busasshiyar iskar Riyad kuma tana ɗame ta har ta tsage. A sassauta tsarkiya kafin a kama hanyar nan mai kusan kilomita 950, a tafi da fata ta biyu. A fili da wuta ake gasa ganga don fatar ta ɗame, amma babu zauren da zai yarda da wuta, don haka a riƙe ƙaramar hita ta lantarki. Wutar Saudiyya volt 230 ce, soket mai baki uku. Sanduna a ɗauki biyu ga kowa, a duba tsaga kullum, a kuma tambayi tsayin rufi da inda fitilu ke rataye kafin a amsa gayyata. Ƙasa da mita 4, sanda za ta sami wani abu.

Takardu: Hukumar Wasan Kwaikwayo da Fasahar Dandali, wadda aka kafa a 2020 ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, da Hukumar Nishaɗi su ke da hurumin irin wannan wasa. A rubuta a yarjejeniya wa zai nemo tasrihi, wato takardar izinin wasa, mai zaure ko ƙungiya, kuma a karɓi rabin kuɗi kafin mota ta tashi. Kowa ya duba katinsa na ɗan ƙasa ko igamarsa, wato takardar izinin zama.

A jera garuruwa da hankali. Ɗa'ifa tana kan tudu mai kusan mita 1,800, Abha ta haura 2,200, kuma ƙirjin da ya saba da bakin teku yana gane haka tun minti goma na farko. A isa da kwana guda, a yi gwaji a hankali, a sha ruwa sosai. Zuwa Madina masu rawa su hau jirgin ƙasa na Haramain su huta da ƙafafunsu, kaya su bi mota. A kauce wa Ramadan da lokacin Hajji, a sa wasa bayan Isha'i daren Alhamis ko Juma'a. Sanyin na'ura yana daskarar da tsoka, saboda haka a motsa jiki minti 30, a gama saura minti 10 a fara, kowa da rigar sanyi da safa a bayan labule har a kira shi.