Yadda ake koya wa kare bin sawun jinin barewa

Maharbi ya sami barewa da harbi gab da faɗuwar rana, ta zabura ta faɗa cikin duhuwa. Ya bi ɗigon jini kamar taku hamsin, sai jinin ya ɗauke. Daga nan ido ba shi da sauran amfani, sai hanci. Kare yana da ƙwayoyin jin ƙamshi sama da miliyan 200, mutum kuwa bai wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Sai dai hancin kaɗai ba ya isa, dole a nuna wa kare warin da ake so ya riƙe.

Ka fara da sanin abin da karen ke bi a zahiri. Jini mafari ne kawai. Tsakanin kofaton barewa akwai wani ɗan ƙulli mai fitar da maiƙo, kuma kowace barewa da irin warinta. Duk inda ta taka sai ta bar shi, ko da jini bai zuba ba. Horon gaba ɗaya a kan wannan ya ginu: a soma da jini mai yawa, a riƙa rage shi, har karen ya iya bin dabba ɗaya tak da warin ƙafarta.

Game da irin kare, Jamusawa sun daɗe da keɓe karnukan Hanoba da na tsaunukan Babariya don wannan aiki, kuma guntun karen nan Dachshund ya yi suna a kai. Amma duk karen da ke son sa hanci a ƙasa, mai kwaɗayi, mai natsuwa, zai iya koya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka kwikwiyo ɗan wata biyu zuwa uku ya isa farawa.

Kayan aikin ba su da yawa: hantar barewa, fatarta, ƙafafunta da kofato, da jini. Ka tace jinin da rariya don cire gudaji, ka zuba a ƙananan gorunan roba, ka daskarar a firiza, kullum ka narkar da ɗaya. Sai ɗamarar ƙirji da igiya mai tsawon mita 10 ko kusa da haka. Wannan ɗamara kada ka sa masa ita don yawo ko wasa. Ranar aiki kawai. Nan da 'yan makonni za ka ga da ya hango ta jikinsa ya fara rawa.

Darasin farko wasa ne. Ɗaura guntun hanta a zare, ka ja ta a kan gajeriyar ciyawa mita 10 zuwa 20, a miƙe, ka bar ta a ƙarshe. Ka tabbata iska tana bayanka lokacin da kake ja. In iska tana busowa daga gaba, kwikwiyon zai ɗaga kai ya shaƙo warin hantar daga nesa, ya tafi kai tsaye, kuma ya koyi mugun hali ke nan. Kawo shi mafari, nuna masa ƙasa da yatsa, ka faɗi kalma ɗaya, misali "nemo", kada ka canza ta har abada. Da ya isa, bar shi ya ci, ka yabe shi kamar ya kamo zaki. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Ka tsaya tun yana marmari.

In ya ƙware a wannan, koma kan jini. Huda murfin gorar, ka riƙa ɗigawa kowane taku, ka ajiye fata da ɗan nama a ƙarshe. Sa takalmin roba don rage warin ƙafarka. Ka riƙa maƙala ƙyalle a reshe sama da kan karen, domin kai ka san inda sawun ya bi, shi kuma bai gani ba. Wanda bai sa alama ba, ba zai san lokacin da karensa ya kauce ba, balle ya gyara masa.

Daga nan abubuwa uku ake ƙarawa: tsawo, kwana, da daɗewar sawu. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara su a lokaci guda. In ka tsawaita zuwa mita 200, bar shi a miƙe. In ka sa kwana, kada ka tsawaita. Daɗewa kuwa daga minti 30, zuwa awa 2, awa 4, har sawun ya kwana. Jinin ma ka riƙa ja masa baya: kowane taku uku, kowane taku goma, sannan ka bar gibin mita 20 babu ko ɗigo. A wannan gibin ne kofato ke shigowa. Ɗaure shi a ƙasan sanda ka riƙa dangwalawa, ko ka ɗaura a takalmi yadda ake yi a Jamus. Kofato da jini su zama na barewa ɗaya in da hali. Don ka san inda aka dosa, jarrabawar da ake yi wa karnuka a Jamus sawu ne na mita 1,000, da jini kwata lita kacal, bayan awa 20 ko 40.

Wurin da karnuka da yawa ke faɗuwa shi ne sabon sawun lafiyayyar barewa da ta gitta. Warinsa ya fi ƙarfi, ya fi daɗi. Da gangan ka shimfiɗa sawunka inda barewa ke wucewa. In ya karkata, tsaya cak, riƙe igiya, kada ka daka masa tsawa. Mayar da shi alamar ƙarshe, ka ce "nemo". Ka lura da jikinsa: a kan sawun gaskiya kansa na ƙasa, tafiyarsa a natse, igiya a miƙe. A kan sabon sawu kai na tashi, wutsiya na kaɗawa da sauri, yana fizga.

Ni kaina na taɓa janye karena har sau uku daga wata gangara, don na rantse barewa mai rauni ba za ta bi ta nan ba. A karo na huɗu na gaji na bi shi. Tana kwance a bakin rafi, ƙasa da mita 100 daga inda nake ta gardama da shi.

Kafin fita ta gaske, bincika dokar farauta ta inda kake. A Amurka, alal misali, kowace jiha da nata ƙa'idar, wasu sai kare yana ɗaure da igiya. Ka kuma koyi karanta jini. Mai haske da kumfa na huhu ne, jira kamar awa ɗaya kafin ka bi barewar. Ja mai duhu na hanta ne, ba ta awa 4 ko fiye. In ka ga kore-kore da warin tumbi, haƙura awa 8 zuwa 12, don in ka tashe ta da wuri za ta yi nisan da ba ka so.

Sawunsa na farko na gaske ya zama mai sauƙi, barewar da an riga an san inda ta faɗi. Hana mutane tattake mafarin, ka riƙe masa ruwan sha, ka bar shi ya kai kansa. In ya isa, ƙyale shi ya sansana, ya ja fatar son ransa, sannan ka yanko masa hanta tun da ɗuminta.