Yadda za ka gwada tsofaffin fina-finan ban tsoro ka san wanne ya fi

Kusan kullum sai an yi musun nan a majalisarmu ta Samaru, wani ya ce in ba a ga jini da dodo ba ai ba fim ɗin tsoro ba ne, wani ya ce zullumi shi ne komai. To ga yadda ni nake gwadawa, ba ka buƙatar komai sai wayarka da iyafis.

Ka je wajen masu turi su tura maka guda uku kawai, kar ka kwaso goma ka ruɗe: Psycho na 1960, Jaws na 1975, da The Thing na 1982. Kuma da daddare za ka kalla, kai kaɗai, da rana wallahi ɓata lokaci ne.

Abu na farko ka lura da lokacin da aka ɗauka kafin a nuna maka abin tsoron. A Jaws sai fim ya yi nisa sosai kafin ka ga ƙaton kifin da ke cinye mutane da kyau, kuma dalili shi ne kifin inji ne aka ƙera, ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole darakta Steven Spielberg ya koma nuna mutane suna iyo daga ƙarƙashin ruwa, da gangunan nan masu ruwan ɗorawa da kifin ke ja, ga kiɗan John Williams mai sauti biyu yana ta ƙara sauri, kai da kanka za ka ƙera dodon a zuciyarka. Wannan shi ake kira iya jan rai.

Daga nan sai ka zaɓi wuri ɗaya ka maimaita shi ba sauti. Gwada wurin wankan nan na Psycho, inda aka caccaka wa wata mata wuƙa tana cikin wanka. Fim ne baƙi da fari, jinin da ke bin ruwa ma ruwan cakulet ne darakta Alfred Hitchcock ya sa aka zuba, in ka kashe kukan gogen da Bernard Herrmann ya tsara za ka ji rabin tsoron ya gudu. Amma ka yi haka da The Thing, wurin da kan mutum ya tsinke ya fito da ƙafafu kamar gizo-gizo, ko ba sauti sai tsigar jikinka ta tashi, don Rob Bottin da hannu ya haɗa abubuwan nan da roba da injina. In fim ya tsaya da ƙafarsa ba sauti to ƙarfinsa a siddabarun hoto yake, in ya faɗi to a kunne yake kama mutum.

In kana da sauran caji ka ƙara da The Exorcist na 1973, ka duba tururin da ke fita daga bakin 'yan wasa, ɗakin aka sanyaya da gaske kamar firij.

Gwajin ƙarshe kuma sai bayan kwana biyu. Ranar da aka ɗauke wuta ka fita tsakar gida da buta cikin dare, ka ga wanne zai faɗo maka a rai. Ni dai gaskiya The Thing yana burge ni ƙwarai, ina jinjina wa aikin, amma wanda ya sa nake waiwayen ƙofar bayi har yau Psycho ne.