Yadda za a kare tsofaffi daga karayar kwatangwalo

Abu biyu ne ke haɗuwa kafin ƙashin kwatangwalo ya karye: ƙashin ya zaizaye, sannan mutum ya faɗi, galibi ta gefe. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan karaya faɗuwa ce sanadinta. Mata sun fi shiga haɗari, domin bayan ɗaukewar al'ada sinadarin istirojin da ke kare ƙashi yana raguwa. Shan taba, giya, ramewa da shan prednisolone, maganin rage kumburi, sama da wata 3 duk suna ƙara cinye ƙashi.

Ku fara da gwaji a gida. Dattijo ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin masu saurin faɗuwa, a kai shi ga likita.

Inda muka fi so ku sa ido shi ne tsakanin gado da banɗaki, da dare. Mutum ya farka da fitsari, ya miƙe da sauri, jini bai kai kai ba, jiri ya kwashe shi cikin duhu. Don haka ya fara zama a bakin gado na minti ɗaya kafin ya tashi. A bar fitila a kunne a hanya. A kwashe wayoyin lantarki da ƙananan shimfiɗu masu zamewa, a kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, kada a bar ruwa a ƙasa. Takalmi ya kama dunduniya, tafinsa kuma mai riƙe ƙasa. Magungunan barci irin su diazepam da wasu na hawan jini suna ƙara jiri, sai a tattara duk abin da yake sha a nuna wa likita, amma kada a daina ko ɗaya bisa ra'ayin kai. A duba ido duk shekara, saboda yanar ido.

Hana tsoho motsi don tausayi kuskure ne babba, zaman ne ke kashe naman cinya. Ya riƙa tashi da zama daga kujera sau 10, safe da yamma, ya kuma tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe da tebur. In yana dogara sanda, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu, a riƙe ta a gefen ƙafar da ta fi lafiya.

Mace da ta haura 50 da namiji da ya haura 70 suna buƙatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, miligiram 1,200 a rana, kofin madara ɗaya kuwa yana ba da kusan 300. Sai bitamin D, wanda idan babu shi hanji ba ya tsotsar kalsiyam sosai. Mace mai shekara 65 ta nemi hoton auna ƙarfin ƙashi, DXA. In likita ya rubuta alendronate, maganin ƙarfafa ƙashi, ana haɗiye shi da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30, don kada ya ƙona maƙoshi.

In an riga an faɗi, dattijo ya kasa taka ƙafa, ko ta gajarce ta juya waje, kada a ja ta, kada a tsayar da shi. A kai shi asibiti a kwance nan take, domin tiyata cikin awa 48 tana rage haɗarin ciwon huhu, gyambon kwanciya da daskarewar jini a jijiya.