Kurakuran da ake yi wajen sayen kibod ɗin makanikal mai fitila

Shiga shagon kayan kwamfuta a Bauchi da yamma, ka ga kibod yana sauya launi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi, nan take zuciya za ta kwanta masa. To a nan mafi yawanmu muke faɗawa. Sai a sayi fitila, a manta da abin da yatsu za su riƙa dannawa kullum.

Da farko, ba kowane kibod mai walƙiya ne makanikal ba, wato wanda kowane maɓalli ke da nasa tsinke da sifirin. Akwai masu shimfiɗar roba a ciki da aka yi musu ado kawai. Kafin ka biya kuɗi, ka ce wa mai shago ya cire hular maɓalli ɗaya. In ka ga ɗan tsinke mai launi da kansa kamar alamar tarawa, da sifirin a ƙarƙashinsa, na gaske ne. In tudun roba ka gani, ajiye shi.

Launin tsinken nan ba ado ba ne. Kamfanin Cherry na Jamus ne ya fito da irin waɗannan tun shekarun 1980, daga baya Gateron da Kailh da Outemu suka bi sahu. Shuɗi yana ƙara, kas-kas-kas. Ja sumul yake tafiya, masu wasan gem suna son shi. Ruwan ƙasa yana tsakiya: za ka ji maɓalli ya shiga, amma ba ya damun kowa. Ɗalibin da ke kwana da mutum huɗu a ɗaki a Yelwa, ya sayi shuɗi yana buga furojet ƙarfe biyun dare, ya jawo wa kansa rigima. Ni ruwan ƙasa nake ba mai yawan rubutu shawara.

Sai batun mara waya, wanda ya fi ruɗa mutane. Hanya biyu ce: Bluetooth, da kuma ɗan ƙaramin abin da ake soka wa a ramin USB mai aiki da 2.4GHz. Kwamfutocin tebur da yawa, musamman na hannu da ake shigowa da su, ba su da Bluetooth sam. Mutum ya kai kibod gida, ya rasa yadda zai haɗa. Nemi mai hanya uku, wato kebul da Bluetooth da 2.4GHz, kuma ka duba ɗan abin sokawar yana cikin kwali, don in ya ɓata da wuya a samu madadinsa. Kebul ɗin ma ya zama USB-C da ake cirewa. A gwada shi a shago, domin wasu kebul caji kawai suke yi, ba sa kai rubutu.

Fitila tana shan batir sosai. Kibod mai batir 4000mAh da zai yi makonni da fitila a kashe, kwanaki kaɗan zai yi in kana kunna launuka. Da yanayin wutarmu, farar fitila ɗaya da ake rage haskenta ta wadatar. Ka kuma tabbata haske yana ratsa haruffan, in ba haka ba cikin duhu gefen maɓallai kawai za ka gani.

Girma kuwa, ƙaramin nan mai maɓalli 61 ba shi da ɓangaren lambobi, ba shi da kibiyoyi na kansu. Mai aikin Excel ya ɗauki mai 104.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne ƙura. Hunturu na shigowa, sai wani harafi ya fara fita sau biyu ko ya ƙi fita. In kibod ɗin irin wanda ake zare tsinkensa haɗe da gidan tsinken da ɗan hantsaki ne, ka canza tsinken da kanka cikin minti ɗaya. In kuwa an liƙe shi da dalma, sai ka nemi mai gyaran rediyo. Ka tambayi wannan tun a shago, ka sayi 'yan tsinkaye na ajiya, ka kuma riƙa rufe shi da ƙyalle in ka tashi.