Kafin ka sayi mota mai buɗe rufi a Kebbi: kurakuran da aka fi yi

Motar da ake naɗe rufinta tana da kwarjinin da sauran motoci ba su da shi, kuma ba laifi ba ne wanda Allah ya hore masa ya yi sha'awarta. Matsalar ita ce yawancin masu sayenta a nan Kebbi suna zaɓenta ne kamar kullum rufi a buɗe za su riƙa yawo, alhali yanayinmu ba zai bari ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, kujerar fata kuwa in rana ta dake ta ba ta zaunuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da hazo, ƙura na shiga ido da hanci da ƙarƙashin kowane madanni. Damina kuma hadari na haɗowa ba sallama. Abin da ya rage maka bai wuce sanyin safiya ba, da bayan la'asar sakaliya, da dare in gari ya yi sarari. Mafi yawan zaman da za ka yi a cikin motar nan, rufinta a rufe yake.

Daga nan kuskuren farko yake tasowa, kuma shi ne uban sauran: a gwada mota rufi a buɗe, iska ta kaɗa, zuciya ta yi sanyi, a biya kuɗi. Ka gwada ta a rufe, da tsakar rana. Ka bar ta a fili kamar awa guda, sannan ka shiga ka kunna esi, ka ga minti nawa za ta ɗauka kafin cikin ya zaunu. Ka hau titi mai kyau, ka kai kilomita 100 a awa, ka kashe rediyo, ka saurari inda rufin ya haɗu da gilashin gaba. In ka ji fito kamar na usur, robobin sun gaji ko rufin bai zauna daidai ba. Kuma ka je da kayan da ka saba sawa. Da yawa sun gwada mota da ƙananan kaya, sai ranar Juma'a suka tarar hula na gogar rufi, babbar riga na maƙalewa a ƙofa, ga kujera a ƙasa sai an durƙusa kafin a fito. Ƙofofin waɗannan motoci dogaye ne, a wurin da aka matse da motoci ba sa buɗuwa sosai.

Sai maganar rufin kansa, kuma a nan zan daɗe, don a nan kuɗi ke zurarewa. Iri biyu ne: na ƙarfe mai naɗewa, da na tamfol mai kauri. Mutanenmu sun fi natsuwa da na ƙarfe, suna ganin shi ne mai ƙarko. Ba kullum ba. Rufin ƙarfe gaɓoɓi ne da yawa, famfon mai ne ke tura su, na'urori ƙanana kuma suna gaya wa kwamfutar mota inda kowace gaɓa take. Ɗaya ta ƙi aiki, sai rufi ya tsaya a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba. Ga nauyi, ga shi in an naɗe shi ya cinye rabin but. Kamfanonin da kansu sun ja da baya. Mercedes-Benz ta yi SL da rufin ƙarfe tun daga 2001, amma sabuwar da ta fito a matsayin ƙirar 2022 ta koma tamfol. BMW ma haka ta yi da Z4 da kuma 4 Series. Tamfol ɗin yanzu ninki-ninki ne, yana tare ƙara sosai, kuma na Lexus LC 500 yana naɗewa cikin daƙiƙa 15 ko mota na tafiya, muddin ba ta wuce kilomita 50 a awa ba.

To amma tamfol yana da nasa maƙiyin, wato ranarmu. Baƙin rufi yana shan zafi, yana koɗewa, zaren ɗinkinsa na tsinkewa, kuma wuƙa na yanka shi. Ni a ganina hukuncin mai sauƙi ne. In kana da inuwa a gida da wurin aiki, ɗauki tamfol. In motar za ta wuni a rana, ko dai ka fara gina mata rumfa, ko ka nemi mai rufin ƙarfe da aka tabbatar da lafiyarsa.

Tabbatarwar ba danna madanni sau ɗaya ba ce. Dillali zai buɗe ya rufe, ya ce, "Alhaji, ka gani, kamar sabuwa." Ka ce ya sake, ya kuma sakewa, har sau biyar ko shida a jere. Famfon da ya gaji sai ya yi zafi yake nuna halinsa: rufi ya fara jinkiri, ko gefe ɗaya ya riga ɗaya sauka. Ka ɗaga shimfiɗar but ka shafa da hannu. Maiƙo alamar man rufi na yoyo ne, danshi ko tsatsa alamar ruwa na kwanciya, kuma a motoci da yawa nan ne famfon da wasu na'urorin lantarki suke zaune. Daga nan ku je wurin wankin mota, ka zauna a ciki, a sakar mata ruwa na minti goma, idonka a kan kusurwoyin gilashi.

Bayan an saya ma akwai sakacin da ke kashe rufi. Kowace mota irin wannan tana da ƙananan hanyoyin ruwa da ke sauke ruwan sama ƙasa. Ƙurar hunturu tana taruwa a cikinsu wata da watanni, ruwan farko ya sauka ya mayar da ita taɓo, hanya ta toshe, ruwa ya juya cikin but ko ƙarƙashin kujera. Ka sa a buɗe su kafin damina ta faɗi, kowace shekara. Robobin gefen rufi kuma man silikon ake shafa musu. Baƙin mai ko giris da wasu ke lafta musu kumbura su yake yi. Kada a naɗe tamfol yana jiƙe ko yana ɗauke da ƙura, kuma ka hana yaran wankin mota buga masa ruwa mai ƙarfi a kan ɗinki ko goge shi da garin sabulu da burushi mai tauri.

Kuskure na gaba shi ne cinikin biri a sama. An turo hotuna ta WhatsApp daga Legas ko Kwatano, fenti na ƙyalli, farashi ya yi daɗi, sai a tura kuɗi. Da yawan motocin da ke zuwa daga Amurka daga gwanjon Copart ko IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey ta nutsar da ɗimbin motoci a Texas a 2017, Ian ma ta yi haka a Florida a 2022, kuma Florida jiha ce da ake yawan hawan motoci masu buɗe rufi. Wadda ruwan gishiri ya shiga za ta iya tashi lafiya yau, bayan wata shida wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17. Ka karɓe ta kafin komai, a bincika tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka, a kuma nemi hotunanta na ranar gwanjo a intanet, sau da yawa suna nan. Hatsari ya fi muni a irin wannan mota, domin ƙarfin jikinta a ƙasa da gefe yake. In ta karkace ko kaɗan, rufi ba zai sake zama daidai ba, kuma ƙarfen da ke tasowa bayan kujeru don kare kai in mota ta kife wataƙila ya riga ya tashi an danne shi kawai.

Takardun kwastam kuwa kada ka yarda da "za a kawo daga baya". Mu da muke maƙwabtaka da Nijar da Benin mun san yadda mota ke shigowa ta bayan gida, kuma irin wannan ba ta ɓuya a shingen bincike. A tantance takardun a ofishin kwastam, a ga lambar da ke jikinsu ita ce a jikin motar. Mai sitiyari a dama daga Ingila ko Japan, ko wadda aka juya mata sitiyari, ka bar ta ko da kyauta ce. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a gefen dama na titi, wanda mota mai sitiyari a hagu ce ta dace da shi.

Yanzu mu sauko ƙasa, ga titi. Mai saye yakan kalli manyan ƙafafu masu inci 20 da siririyar taya ya ce ai su ne ado. A hanyar Jega zuwa Koko har Yawuri, rami ɗaya da ba ka gani ba ya isa ya kumbura taya ya lanƙwasa ƙafa, kuma da yawan motocin nan ba su da safaya. Mai faci na bakin hanya ba shi da girman tayar, sai an aiko daga Abuja ko Kano ko Legas. Ƙafa mai inci 18 da taya mai ɗan kauri ta fi taushi nesa ba kusa ba. Ka duba shekarun tayar ma: alƙaluma huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke rubuce a jikinta su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya da kwalta mai zafi da gudu ba sa haɗuwa. Kafin ka biya, ka auna tudun da ke ƙofar gidanka, wanda aka ɗora a kan lambatu, da tudun rage gudu na unguwarku. Akwai wanda sai da mota ta iso ya gane hancinta ba ya hawa get.

Akwai kuma ruɗin ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji. Iyakar gudun motar gida ko a babban titi ba ta wuce kilomita 100 a awa ba, ga shanu, ga 'yan acaba, ga tireloli. Bambancin doki 350 da 550 ba za ka taɓa cin moriyarsa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ba, amma bambancin taushin tafiya kullum za ka ji shi a bayanka. Porsche Boxster da 911 Cabriolet an yi su ne don kwana da gudu, suna da tauri. Wanda ke son ƙarfi tare da hutu ya duba Mercedes SL ko E-Class Cabriolet, BMW 6 ko 8 Series, ko Lexus LC 500 mai silinda 8 da doki 471 ba tare da turbo ba, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi. Dukkansu mai mai kyau suke so, kuma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 cika tanki ya zama abin lissafi. Man bumburutu na galan kada ya kusance su. Inji mai turbo yana tara zafi, don haka lagireto da fanka da famfon ruwa su ne farkon abin dubawa kafin bazara.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne a sayi mota sannan a fara cigiyar mai gyara. Bakanike ake fara nema. Ka tambaye shi ko yana da na'urar da ke karanta kwamfutar wannan ƙirar, ko ya taɓa gyara rufinta, kuma kwana nawa kaya ke yi kafin su iso daga kasuwannin kayan mota na Ladipo ko Ƙofar Ruwa ko Apo. In ya ce "in sha Allahu za mu gwada", motarka ce za ta zama makarantarsa. Tsohuwar SL 500 ta farkon shekarun 2000 tana ruɗar mutane da araha, alhali tana da tsarin ABC, wanda mai ke ɗaga ta yana sauke ta, da birkin SBC da kwamfuta ke sarrafawa, kuma gyaran kowannensu na iya cin kaso mai tsoka na kuɗin sayenta. Dabara ita ce ka zaɓi wadda injinta ya zama ruwan dare. E350 Cabriolet injin V6 mai lita 3.5 gare ta, danginsa ne ke cikin GLK 350 da ML 350 da suka cika gari. Lexus SC 430, da aka yi daga 2001 zuwa 2010, inji ɗaya take da LS 430. IS 250C da IS 350C kuma 'yan gida ɗaya ne da IS da kowane bakanike ya sani.

Kujerun baya a 911 da LC 500 da sabuwar SL na ajiye jaka ne. Mai son ɗaukar mutum huɗu da gaske, E-Class Cabriolet ko 4 Series. Kuma kada ta zama motarka tilo, musamman ga mai iyali. Inshorar naira 15,000 ta dole wanda ka buge take biya, ba ta san rufinka ba, don haka ka yi cikakkiya. Halin tsaro ma ba a ɓoye yake ba: motar da kowa zai juyo ya kalla ba ta doguwar tafiya ba ce a wasu hanyoyinmu, balle da dare.

In ka auna duk wannan ka ga bai yi maka ba, akwai mafita. Mota mai ƙofa biyu da rufin gilashi tana ba ka kyan ƙira da ƙarfi iri ɗaya, ta fi shiru, esinta ya fi kamawa, kuma yawanci ta fi araha. Porsche 911 Targa tsaka-tsaki ce, amma nata rufin ma na'ura ce mai gaɓoɓi. Wanda burinsa iska ce kawai, kuma yana bin hanyoyin Zuru ko Kamba ko gona a fadama, Jeep Wrangler ake cire wa rufi, ga tsayi ga ƙarfin hawa, sai dai tana da ƙara da girgiza, ba ta kai waɗancan taushi ba. Da wani zai ce in zaɓa masa a Birnin Kebbi yau, mai matsakaicin ƙarfi zan nuna masa E350 Cabriolet mai tsabtataccen tarihi a kan ƙafa inci 18, mai wadata kuma LC 500, da sharaɗin akwai rumfa a gida da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum.