Yadda Fasto Zai Binciki Kansa a Daren Asabar

Da farko, bayan ka kammala shirin wa'azin Lahadi, ka rufe takardunka, ka kashe waya, ka keɓe kanka na minti 30 a inda babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Sai ka karanta Zabura 139:23-24 a hankali, ka mai da ita addu'arka. Daga nan ka buɗe 1 Timoti sura 3, inda aka jera halayen da ake nema wurin mai kula da ikkilisiya, ka auna makon da ya wuce da su: yadda ka yi magana da matarka da 'ya'yanka, yadda ka riƙe kuɗin baiko, da ko ka fifita mai hannu da shuni a kan gwauruwar da ta daɗe tana jiranka a bakin coci. Wannan matakin ne ya fi wuya, domin mai wa'azi ya saba hango laifin jama'a a cikin nassi kafin ya ga nasa.

Duk abin da ya bayyana, ka rubuta shi ba tare da kwana-kwana ba, ka tuba. Idan ka ɓata wa wani rai, ka neme shi da sassafe ku sasanta kafin ka hau bagade.